Shayin kurkur da na haɗa wa Baba

Sanyin bara ne gwiwata ta fara damuna, musamman da asuba in zan miƙe daga sujjada. Wata maƙwabciyata ta koya mini haɗin: ɗanyen kurkur kamar tsawon ɗan yatsa, citta, kanumfari ƙwaya biyu, a daka a tafasa, a zuba madara, a barbaɗa masoro, zuma kuwa sai ya ɗan huce. Masoron yana da aikinsa. Kurkumin, sinadarin da ke rage kumburi a kurkur, kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 3 cikin 100, kuma hanji ba ya tsotse shi sosai. Masoro da maiƙon madara ne ke taimaka masa ya shiga jini. Mutanen Indiya sun daɗe suna shan madarar kurkur.

Bayan sati uku sandarewar da nake tashi da ita ta ragu. Murnar wannan sauƙin ce ta rufe mini ido.

Baba yana shan warfarin, maganin tsinka jini, tun da jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa. Ni nake karɓo masa maganin, ni nake kai shi gwaji duk wata. Amma a raina kurkur kayan miya ne, abin da muke zubawa a shinkafa don ta yi kala. Da ya yi kukan ciwon baya sai na fara haɗa masa kofi safe da yamma, babban cokali cike da garin kurkur, masoro har da ƙari. Na kuma saya masa ƙwayoyin kurkur na kwalba masu haɗe da sinadarin masoro. Ban tambayi kowa ba.

Ranar kwana na 12 na ga jini a jikin asuwakinsa, na ce dasashi ne. Da la'asar haɓo ya ɓalle masa. Muka matse hanci, muka ɗora ƙanƙara, jini na ɗiga a gaban farar rigarsa, ya ƙi tsayawa. Sai da na naɗe masa hannun riga na ga shatin baƙi-baƙi a damtsensa kamar an doke shi.

A asibiti aka yi gwajin INR, mai nuna tsinkewar jini. Ana so nasa ya tsaya tsakanin 2 da 3, aka same shi ya haura 6. Likita ta dube ni ta ce, "Hajiya, me kuka ƙara masa a kwanakin nan?" Na ce babu komai, sai shayi. Ta ce wane shayi? Ina lissafa mata kayan, muryata na rawa. Ta ce kurkur mai yawa yana ƙara wa maganin ƙarfi, citta ma haka, ƙwayoyin kwalbar kuwa sun fi na girki ƙarfi nesa ba kusa ba. Aka ba shi bitamin K, aka dakatar da warfarin ɗin, ya kwana biyu a gado.

Da dare ya ga ina share hawaye, ya ce, "Uwata, daina. Alheri kika nufa." Har yau in na tuna "babu komai, sai shayi" sai in ji nauyi a ƙirjina, don da bakina na faɗa kuma haka na yarda.

Ni dai ina ci gaba da shan nawa, rabin ƙaramin cokali sau ɗaya a rana, bayan na ci abinci, don in ciki babu komai yana sa ni ƙwarnafi. Duk wadda ta nemi haɗin sai na fara tambayarta ko tana shan maganin tsinka jini ko na suga, ko tana da tsakuwar matsarmama, ko juna biyu. Idan ta ce e, sai in ce ta je wurin likitarta tukuna. Ranar gwajin Baba kuwa, duk abin da yake sha a gida, har saiwa da garin magani, a leda nake zuba su in ajiye wa likita a kan tebur.