Jimlar da ta ci mini shekara guda a kan tarihin Ningi

Makon jiya na karɓi takardar shaidar digirina na biyu a tarihi, shekara guda cur bayan abokan karatuna sun karɓi tasu. Jimla ɗaya ce ta jawo mini, wadda na buɗe babi na biyu da ita: "Tarihin ƙasar Ningi ya fara ne da zuwan Malam Hamza."

Zuwan nasa gaskiya ne. Wajen 1846 ya taso daga Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da wasu malamai da almajirai, bayan saɓani da masu karɓar kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun da ke tsakanin Kano da Bauchi. Magadansa irin su Ɗanmaje da Haruna Ƙarami suka hana Kano da Bauchi da Zazzau barci, har zuwa 1902 da Turawa suka ci Ɗanyaya, sarkin Ningi na lokacin, da yaƙi. Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina. Wata huɗu na yi a gidan adana takardun tarihi da ke Kaduna ina bin rahotannin Di'o-Di'o, jami'an Turawan mulkin mallaka, takardun da in ka juya su da ƙarfi sai su kakkarye a hannunka.

Sau biyu na roƙi malamin da ke duba aikina ya bar ni in shiga ƙauyuka in ji daga bakin tsofaffi. Ya ce, "Tarihi za ka kawo mini ko tatsuniya?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, tarihi." Na ja bakina.

Ranar kare kundi, baƙon malamin da aka gayyato ya karanta jimlar nan a fili, ya cire tabarau. Ya ce, "Da Malam Hamza ya iso, duwatsu ya tarar kawai? Wa ya ba shi masauki? Su wa suka ɗaukar masa kwari da baka?" Ina Butawa, ina Warjawa, ina Pa'awa, ƙabilun da ya tarar a yankin? A kundi mai shafi 140, sakin layi ɗaya na ba su. Na dubi malamina ko zai ce wani abu. Ya ce, "Ai na sha gaya masa ya je ya yi hira da mutane." Wallahi har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Kuskuren nawa ne, na yarda, amma ba ni kaɗai na yi shi ba.

Da rani na tafi Burra, garin Butawa a ƙasar Ningi, da kuɗin aljihuna. Wani tsoho ya riƙe sanda ya hau dutse da ni, ya nuna mini kufai: tushen ɗakuna a zagaye, ramukan niƙa da suka lotse cikin fa, guntayen kasko birjik. Ya ce, "Ɗana, nan kakanninmu suke tun ba a haifi malaman ba." Ya yi ta laluben kalmomin Butanci, ya tuna 'yan kaɗan, sauran sun tafi da masu su. A nan na fahimci cewa ƙarfin Ningi haɗin gwiwa ne, malamai suka zo da ilimi da jagoranci, mutanen dutse suka ba da mafaka da mayaƙa. Rahoton Bature ya fi damuwa da wanda ke sarauta da wanda ke biyan haraji, ni kuma na bi shi ido rufe.

Sauran abin da na koya ba yawa. Shekarar 1976, da aka ƙirƙiri Jihar Bauchi aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi, shekarar zana iyaka ce, kada a ɗauke ta farkon gari. Kada ka je wa tsoho da na'urar ɗaukar magana ranar farko, ka je da goro. Duk shawarar da mai duba aikinka ya ba ka, ka nemi ya rubuta ta a gefen takarda.

Malamina ya sa hannu a kundin da na gyara ba tare da ya buɗe babi na biyu ba. Sunan tsohon nan na Burra na sa a shafin sadaukarwa.