Yadda na zaɓi modabod da zai daɗe yana karɓar ƙari

Sana'ata tace bidiyon biki ce a Samaru. Da na tashi haɗa kwamfutar tebur a 2021, kuɗin hannuna ba zai ɗauki komai mai kyau a lokaci guda ba, sai na tsuke hannu wajen furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita), na sake shi a kan modabod, wato babban allon da ake haɗa duk sauran kayan a kansa. Sauran kayan ana cire su a sa wasu cikin ɗan lokaci, amma ranar da ka ce za ka canza modabod, kwamfutar gaba ɗaya za ka kwance.

Soket na fara dubawa, wato gurbin da furosesa ke zama. Kamfanin Intel kan sauya nasa bayan zubi biyu ko uku, shi kuwa soket ɗin AM4 na kamfanin AMD ya ɗauki furosesan Ryzen tun daga zubin 1000 har zuwa 5000. Wani mai shago a PZ ya so ya tura mini modabod samfurin A320. Ya ce, "Maigida, ai duk AM4 ne, ka rage kuɗi." Gaskiyarsa ta fuskar soket, sai dai ramin RAM biyu kacal gare shi, kuma sassan da ke raba wa furosesa wuta tsirara suke, babu ƙarfen sanyaya a kansu. Wanda ya san zafin Zariya a watan Afrilu, ga kwamfuta tana fitar da bidiyon awa biyu, ba zai raina wannan ƙarfen ba.

B550 na saya, mai ramin RAM huɗu da gurbin M.2 biyu, wato inda ake sa SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, na ɗora masa Ryzen 5 3600 da RAM gigabait 16. Daga baya na cike sauran ramukan ya zama 32, na ƙara SSD na biyu, sannan na samu Ryzen 7 5700X ɗan tokumbo na sa.

Kafin sabon furosesan ya tashi sai da na sabunta BIOS, manhajar da ke cikin modabod mai tayar da kwamfuta, kuma a nan ne zama a Najeriya ke shigowa. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, modabod na iya mutuwa murus. A kan inbata na yi nawa. Allon nawa kuma yana da ɗan maɓalli a baya da ke ɗora BIOS daga filasha ko babu furosesa a ciki, kuma yanzu ba na sayen wanda ba shi da shi.

Mai saye yau lissafinsa daban ne. Sabon soket ɗin AMD, AM5, ya fito a 2022, RAM nau'in DDR5 kaɗai yake ci, tsohon DDR4 ba ya ma shiga ramin. AMD ta ce za ta riƙe soket ɗin har 2027 ko fiye. In aljihu zai ɗauka, allon AM5 samfurin B650 zan nuna maka. In ba zai ɗauka ba, tambayi masu kawo kaya daga Computer Village ta Ikeja wane furosesa ne ya fi yawa a hannunsu, ka sayi allon da zai karɓe shi.