Wasiƙa daga Mancesta: Bebe ya gyaɗa kai, aka ce ya amsa laifi

Assalamu alaikum mutanen Daura. Ya gida, ya iyali, ya hunturu? Allah ya sa kowa lafiya.

Tun da labari ya bazu cewa aikin tafinta nake yi a kotunan Ingila, wayata ba ta huta ba. Nawa ake biya? Nawa ne kuɗin haya? Da gaske ne rana na faɗuwa da wuri? Zan amsa duka. Batun rana gaskiya ne, a watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba. Amma ku bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a rai.

Kwanakin baya an kira ni wata kotu in yi wa wani ɗan Nijar tafinta. Shari'ar da ke gaban tamu ta ja lokaci, sai na shiga na zauna a bencin 'yan kallo. Wani saurayi ne kurma ake tuhuma da dukan mutum. Tafinta uku aka kawo masa. Biyu masu ji ne, suna karɓa-karɓa duk bayan minti 20 zuwa 30, don an san in hannu da ƙwaƙwalwa suka gaji kuskure zai shigo. Ta ukun kuwa ita ma kurma ce. Ashe yaron da girmansa ya zo ƙasar, bai ƙware a maganar hannu ta Birtaniya ba, sai ita ke karɓar magana daga abokan aikinta ta warware masa ita yadda zai gane. Dukkansu sai da suka yi rantsuwar faɗin abin da aka faɗa ba ƙari ba ragi, irin wadda nake yi. Ko sisi ba a karɓa a hannun yaron ba.

Da aka tashi shan shayi na tambayi ɗaya daga cikinsu yadda ake samun katin nan mai ruwan ɗorawa da ke rataye a wuyanta. Na yi nadamar tambaya. Karatu na shekaru, jarrabawa, inshora, takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da tabo, kuma duk shekara sai ka sabunta rajista ka kawo shaidar ka ƙaro ilimi. Ƙasar nan takarda ce sarki. Ni kaina duk zaman kotu sai na cike fom: lokacin shiga, lokacin fita, lambar shari'a, sa hannun magatakarda. Akwai ranar da magatakardan ya tafi cin abinci ban samu sa hannunsa ba, wata biyu ina bin kuɗina. Ka buga waya na'ura ta amsa, ka aika saƙo a ce ka sake turo fom ɗin da ka turo jiya. Har na fara kewar ofisoshinmu, inda ko ba komai za ka ga fuskar wanda ke wahalar da kai.

To, me ya kawo wannan dogon zance? Ina zaune a bencin nan Bebe ya faɗo mini, wanda ke wankin mota a tasha muna yara. Ban taɓa jin wanda ya kira shi da sunan yanka ba. Wata rana rediyon wani direba ta ɓace, aka ce shi ne, aka kai shi gaban hukuma. Yayansa aka kira ya yi tafinta. Aka ce, "Malam, tambaye shi, shi ya ɗauka?" Yayan ya kwatanta rediyo da hannu, ya nuna mota, ya nuna shi. Bebe ya gyaɗa kai. Shi ke nan, aka rubuta ya amsa laifi, ya dangwala yatsa, mahaifinsu ya sayar da tunkiya ya biya. Yau da na san aikin nan, na san gyaɗa kan na iya nufin ya san rediyon, ko shi ya wanke motar, ko kuwa tsoro ne kawai. Yayan ma so yake a gama a rufa asiri. Shi ya sa a nan ba a yarda ɗan uwa ya yi tafinta a shari'ar laifi.

Kada ku ce wannan gatan Turawa ne. Sashe na 36 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi, in bai fahimci harshen da ake shari'a da shi ba, a ba shi tafinta kyauta. Dokar shaida ta 2011 ta yarda wanda ba ya magana ya ba da shaida da rubutu ko da alamar hannu. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman kuwa, ɗan garinmu Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu a Janairun 2019. Su ma nan ba rana ɗaya suka kai ba: sai a 2022 aka bar tafintan kurame ya shiga ɗakin da mutum 12 ke shawarar ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, in ɗaya daga cikin su 12 ɗin kurma ne.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu shi ne harshen ba ɗaya ba ne. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame, irin ta Malumfashi, tushenta na Amurka ne, tun zuwan Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ta kasuwa da tasha da majalisa kuwa tamu ce ta Hausawa, daban take. Ka ɗauko malamin makaranta ka tsayar gaban kurman da bai taɓa shiga aji ba, sai su yi ta kallon juna, alƙali kuma ya zaci an fahimta. Da ni ne, malamin zan nema, in haɗa shi da wani kurma ɗan gari mai hankali wanda ba dangi ba, kamar yadda na ga an yi wa yaron nan.

Saboda haka in an kama naku, ku nemi tafinta tun daga caji ofis, kada ku jira kotu, don a can ake rubuta abin da zai bi shi har ƙarshe. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a warware masa ba. Ku roƙi a ɗauki tambayoyin a bidiyo, ko da waya ce, don wani ya iya dubawa daga baya. Ku kuma roƙi a cire masa ankwa lokacin tambaya, da hannun nan yake magana.

Kuɗin haya da albashi, ku yi haƙuri sai wani jiƙon, gobe da asuba zan kama jirgin ƙasa zuwa wata kotun. Mai bi ta tasha ya tambayar mini ko Bebe na nan da rai. In yana nan a gaishe shi, a kuma turo mini sunansa na yanka.

Naku,
wani ɗan Daura a Mancesta