Asubahin Juma'a da Sabon Faifai

Shekara bakwai na yi ina tura wa mutane waƙoƙi a memori kafin in koma gyaran waya. Wani ɗan teburi ne a gefen shagon yayana a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da tsohuwar kwamfuta, da lema. Mutum zai miƙo memorinsa ya ce, "Cika min, ka sa na Hausa da na Indiya, ka ɗan yayyafa na Turawa." In buɗe folda in kwaso in zuba masa. Daga kowane faifai waƙa ɗaya ko biyu nake tsamowa, waɗanda ake yayi, sauran kuwa ko saukewa ba na yi. Sai daga baya na gane abin da nake yi: kamar a aiko maka wasiƙa mai shafi goma ne, ɗan aike ya yago shafi na huɗu ya ba ka, ya ce ga saƙonka.

Wajen 2010 wani direba da ke zuwa daga Tawa ya kawo memorinsa ya cika, yana so a rage. Ya nuna min wasu waƙoƙi da ba su da suna, lambobi ne kawai, ya ce, "Malam, ka goge duk abin da za ka goge, amma ban da waɗannan." Na kunna. Muryar an bi da ita ta cikin na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinanmu, amma harshen ba Hausa ba ne, kuma akwai gita a ƙarƙashi tana zagayawa kamar tafiyar raƙumi. Na kwafi nawa na ajiye. Shekaru suka shuɗe kafin in san sunan mai su: Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, kuma a Sakkwato ya naɗe su a 2008, cikin faifansa na farko mai suna Anar. Ba kamfanin da ya fitar da faifan a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bazu a Sahara, ta hannun mutane irina, har wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutane. Zan dawo kansa.

Yanzu ranar Juma'a nake jira. Tun 10 ga Yulin 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka haɗa baki a kan rana guda ta fitar da sababbin faifai. Kafin nan Amurka Talata take fitarwa, Ingila Litinin, Jamus da Ostireliya Juma'a. Faifai zai fita a wata ƙasa, kafin ya shiga kanti a wata an riga an kwafe shi an watsa a intanet. Idan za a faɗi gaskiya, masu sana'a irin tawa ta da suna cikin dalilan da suka sa aka yi wannan tsari. Manyan mawaƙan Amurka yawanci ƙarfe goma sha biyun dare agogon gabashin ƙasarsu suke saki, wanda ya zo daidai da biyar na asuba a nan idan suna bazara, shida idan suna hunturu. Don haka ina dawowa daga masallaci abin yana jirana. In dafa shayi, in zauna a zaure kafin yara su tashi, in toshe kunnuwana biyu. Faifai ɗaya tak nake zaɓa. Daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, ba tsallake, ba komawa baya, wayar a kife a kan tabarma. Tun da Spotify ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021 nake wannan, ban fasa ba sai da azumi ko rashin lafiya.

Shekarar 2024 ta ba ni abin ji da yawa, ta kuma nuna min yadda lissafin kuɗi ke canza siffar faifai. A Amurka, mujallar Billboard da ke jera faifan da suka fi kasuwa ba kwafin da aka saya kawai take ƙirgawa ba. A tsarin da ta kafa a 2018, wanda shi ke aiki a 2024, sauraro 1,250 daga masu biyan kuɗin wata daidai yake da sayen faifai guda, na masu ji kyauta kuwa sai ya kai 3,750. A Spotify kuma, waƙa ba ta shiga lissafi sai an ji daƙiƙa 30 daga cikinta. To ka ga mai waƙoƙi 30 ya fi mai goma saurin tara adadi, kuma mai son a ƙirga shi dole ya kama kunnenka tun kafin rabin minti.

Ranar 19 ga Afrilu Taylor Swift ta saki waƙoƙi 16. Na zauna na ji su, sama da awa guda. Ina naɗe tabarma zan yi shirin kasuwa sai ga wasu 15 sun faɗo, awa biyu bayan na farkon, jimla 31. Matar ta iya tsara magana, wannan ba mai musu, kuma a makon farko lissafinta ya haura miliyan biyu da rabi a Amurka kaɗai. Amma ni tuwon ya fi miyar yawa. Na ji su duka cikin kwana biyu, kuma zuwa waƙa ta ashirin na daina bambance wannan da waccan. Da ta zauna ta tankaɗe ta bar goma sha biyu, da na riƙe shi.

Wata guda bayan nan, 17 ga Mayu, Billie Eilish ta bi wata hanyar. Waƙoƙi goma, minti arba'in da 'yan kai, ita da yayanta Finneas suka haɗa, kuma ta ƙi sakin ko guda ɗaya kafin ranar, don tana so a ji abin a dunƙule. Akwai wani zaren goge a ƙarshen waƙar farko da ke sake ɓullowa can gaba, akwai waƙar da ke juyewa a tsakiya ta zama wata daban. Wanda ya tsamo ɗaya ya zuba a memori ba zai taɓa sanin akwai wannan ɗinki ba. Ba ita ta fara wannan kishi ba. A Nuwamban 2021 Adele ta roƙi Spotify ya daina cakuɗa jerin waƙoƙin faifai idan mutum ya danna kunnawa, kuma aka yi mata.

Wanda ya zaunar da ni da gaske na tsofaffi ne. The Cure, 'yan rok na Ingila da suka fara tun ƙarshen shekarun 1970, sun yi shekara 16 ba su fitar da sabon faifai ba, sai ranar 1 ga Nuwamba. Waƙoƙi takwas. Ta farko ta haura minti uku ana kiɗa zalla kafin mawaƙinsu Robert Smith ya buɗe baki, ta ƙarshe ta wuce minti goma, kuma fiye da rabinta ba murya. A zamanin daƙiƙa 30, mutum mai shekara 65 ya ce ka jira, kuma mutane suka jira, har faifan ya hau na ɗaya a Ingila, abin da rabonsu da shi tun 1992.

Waƙa ta shida a kan rasuwar yayansa ce. Nawa yayan, mai shagon da na fara sana'a a gefensa, ya rasu a 2022, Allah Ya jiƙansa. Shi ya saya min kwamfutar nan, shi ya kai ni wurin wanda ya koya min gyara, kuma har ya bar duniya bai daina ce min "yaron nan" ba ko a gaban 'ya'yana. Ranar da ya cika ina kasuwa, na ce zan leƙa shi da la'asar. Waƙar ta fara da rugugin hadari da fiyano mai tafiya a hankali, sannan muryar dattijon ta shigo tana maganar wanda bai samu yin sallama ba. Turancina na kasuwa ne, amma na ji abin da yake faɗa sarai. Shayin ya huce a gabana. Uwargida ta leƙo ta ga fuskata, ta koma ba ta ce komai ba.

Na sha tunani a kan wannan safiya. Da a ce waƙar nan ce ta farko a faifan, ko da wani ne ya turo min ita ita kaɗai a WhatsApp, da na ce waƙa ce mai kyau, na wuce. Biyar ɗin da ke gabanta ne suka yi aikin. Sun ɗauki rabin awa suna sassauta ni, suna maganar tsufa da rabuwa da alkawarin da ba a cika ba, har lokacin da ta shida ta iso ba ni da sauran abin kariya. Biyun da suka biyo bayanta kuma ba su sake ni nan take ba, sun raka ni har bakin ƙofa. Wanda ya jera su haka ya san abin da yake yi, kamar yadda mai wa'azin kirki ba ya fara da abin da zai sa mutane kuka.

Masu gambara su ne suka fi karya tsarin. Tyler, the Creator ranar Litinin ya saki nasa, 28 ga Oktoba, yana ganin mutane sun fi sauraro da natsuwa a hanyarsu ta zuwa aiki fiye da ƙarshen mako. Kendrick Lamar kuwa ba sanarwa ba komai, faifansa GNX ya faɗo ranar 22 ga Nuwamba dab da magariba a agogonmu. Yaron shagona ne ya ce, "Oga, mutuminka ya sauke kaya." Waƙoƙi 12, babu kitse a jiki. Na bar shi sai washegari da asuba, don ba na jin sabon faifai cikin hayaniyar janareta.

To, Mdou Moctar. Yaron da ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, bahago, yanzu yana tare da Matador, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin indi na Amurka, wato waɗanda ba sa ƙarƙashin ƙattan kamfanoni. Faifansa Funeral for Justice ya fito ranar 3 ga Mayun 2024, rana ɗaya da sabon faifan Dua Lipa, a ƙarshen makon da duk samarin layinmu ke musu a kan rigimar Kendrick da Drake. Ba wanda na ji ya ambace shi a kasuwa, alhali a cikin duk mawaƙan da na lissafa shi kaɗai ne za ka iya hawa mota daga Kano ka je ƙasarsu. Wannan ya dame ni, har yanzu yana damuna.

Faifan rok ne na gaske, mai ƙara, gitar tana ihu, gangar Souleymane Ibrahim tana ƙara sauri kamar sukuwar dawaki idan an doshi ƙofar fada. Da Tamashek yake waƙa. Yana yi wa shugabannin Afirka magana, yana yi wa Faransa magana kai tsaye, ƙasar da ta yi shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar da dama ba su san wutar lantarki ba. Yana kuma roƙon 'yan uwansa Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, don ina ganin yaran da ke jin kunyar rubuta Hausa daidai a waya. An gama naɗar faifan kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, amma duk wanda ya ji shi bayan nan zai ɗauka jiya aka rubuta shi.

Juyin mulkin ya same shi da makaɗansa suna zagayen wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki da sararin sama, uku daga cikin su huɗun suka rasa hanyar komawa gida wurin iyalansu, har masoyansu suka yi musu karo-karo. Mu ma a nan mun ji a jikinmu, don abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram ɗauke ƙafa suka yi na tsawon watanni. A cikin wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo suka sake naɗar waƙoƙin, wannan karon da gitar katako, ba ƙara, ba ihu. Suka sa masa suna Tears of Injustice.

Ya fito ranar Juma'a 28 ga Fabrairun 2025. Na zauna a zaure kamar kullum. Waƙoƙin da na sani da fushi sai na ji su da kewa, kalmomin ba su canza ba amma mai faɗinsu ya zama mutumin da ke nesa da gida bai san ranar komawa ba. Kuma a wannan sigar ce na sake jin abin da direban Tawa ya hana ni gogewa shekara goma sha biyar da suka wuce, gitar nan mai zagayawa a hankali. Na tashi na buɗe akwatin da nake ajiye tarkacen tsohon teburina, na lalubo memorin, har yanzu da rubutun yayana a jikin ledar da ya sa min shi. Na sa a waya, lambobin suna nan yadda suke. Na nemo jerin waƙoƙin Anar, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa wa kowace sunanta da lambarta, na ga ashe guda uku kawai nake da su.

Daren ranar aka ga watan Ramadan. Na naɗe wayar kunnen na sa a aljihun tebur, tare da memorin.