Layin adireshi a fom ɗina

Ni akanta ne, ban taɓa riƙe bindiga ba. A ƙarshen 2024 kamfanin binciken kuɗi da nake wa aiki a Turai ya tura ni Kyiv, babban birnin Yukren, in bi sawun kuɗin da ƙasashen waje ke zubawa a masana'antun makaman Yukren. A lokacin jirgin saman fasinja ba ya sauka can tun da Rasha ta kai wa ƙasar mamaya a Fabrairun 2022, sai jirgin ƙasa na hau daga Polan, muka kwana a hanya.

Dabarar ta Denmark ce. Maimakon a kwaso makamai daga rumbunan Turai, sai a biya 'yan Yukren su ƙera nasu. Da igwa 18 samfurin Bohdana aka fara, cikin wata biyu aka miƙa wa sojoji. Daga baya Tarayyar Turai ta bi ta hannun Denmark da ribar kadarorin Rasha da aka riƙe. A lokacin masana'antun na iya ƙera fiye da abin da gwamnatinsu ke da kuɗin saya, ga shi ba a barin su sayar a waje.

Fom ɗina na da layin adireshi da wurin liƙa hoton masana'anta. Manajan farko da na miƙa wa ya dube ni, ya ce takardar nan in ta ɓata, makami mai linzami ne zai zo karanta ta. Aikinsa a warwatse yake a ƙananan gareji da yawa, ko ma'aikatansa ba su san sauran wuraren ba. Na ji haushi, don a sana'armu gani ya kori ji, kuma mai biyan haraji a Kopenhagen, babban birnin Denmark, yana da haƙƙin sanin inda kuɗinsa ya shiga. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka daidaita a kan in ƙirga kaya a wurin miƙawa, lamba bayan lamba, in gwada da takardar karɓa ta sojoji.

Abin da ban iya warwarewa ba shi ne lokaci. Kuɗin waje shekara-shekara ake amincewa da shi, shi kuwa mai ƙera jirage marasa matuƙi sai ya yi odar injina da batura daga Sin tun da wuri, ta hannun dillalai, ga kuɗin man janareta duk ranar da aka harbi tashar lantarki. Kafin sa hannu ya zagayo daga ofisoshi uku, samfurin da aka rubuta a kwangila ya tsufa, Rasha ta gano yadda za ta toshe masa sigina.

A rahotona na nemi a riƙa biyan wani kaso tun farko, a kuma ba da damar sauya samfuri a tsakiyar kwangila. Layin adireshi kuwa na bar shi fayau, shugabana ya maido mini da takardar har sau biyu.