Inda xsl:key ke ƙin ba da haɗin kai, da yadda ake shawo kansa

A XSLT, harshen da ake sauya fasalin fayilolin XML da shi, amfanin xsl:key shi ne ya gina jerin bincike, wato mabuɗi, sau ɗaya, yadda key() zai ɗauko abin da ake nema ba sai an bi fayil ɗin XML daga sama har ƙasa kowane lokaci ba. Sai dai yana da sharuɗɗa.

Dole a ayyana shi kai tsaye a ƙarƙashin xsl:stylesheet, ba cikin xsl:template ba. Wannan mai sauƙi ne.

Wanda ya fi ba mutane wahala shi ne dokar XSLT 1.0 ta 1999: ba a sa sunan da ke farawa da $, wato abin da aka ayyana da xsl:variable ko xsl:param, a cikin match (abin da mabuɗin zai tattara) ko use (ƙimar da za a nemo shi da ita). Idan ana son ɗaliban aji ɗaya kawai, match="dalibi[@aji=$aji]" kuskure ne. Sai a gina mabuɗin, mu ce sunansa k, a kan dukkan ɗalibai, a tace wajen kira: key('k', $suna)[@aji=$aji]. Ni na fi son a haɗa ƙimomin biyu: use="concat(@aji, '|', @suna)", a kira da concat iri ɗaya. Kada a raina alamar da ke tsakiya. In babu ita, "1" da "23" za su zama daidai da "12" da "3", sakamako ya gurɓace ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Sai batun fayil na biyu. key() yana duba fayil ɗin da ake tsaye a cikinsa ne kawai a lokacin kira. Idan bayanan suna wani fayil, za a samu wayam. A fara ajiye ƙimar da ake nema a xsl:variable, a shiga xsl:for-each select="document('jeri.xml')", a kira key() daga ciki. Wanda ya manta ajiyewar, ya sa misali @lamba kai tsaye a cikin key(), za a koma neman @lamba ɗin a sabon fayil.

A kula kuma, 1.0 yana kwatanta ƙima a matsayin rubutu, don haka "07" ba "7" ba ne. A sa number() a ɓangarorin biyu, wato a use da wajen kiran key().

XSLT 2.0 na 2007 ya yarda da $ na matakin sama, wato wanda aka ayyana kai tsaye a ƙarƙashin xsl:stylesheet, muddin bai dogara da mabuɗin kansa ba, ya kuma ƙara wa key() gurbi na uku don faɗin inda za a duba. XSLT 3.0 na 2017 ya kawo composite="yes", wanda ke haɗa ƙimomi da yawa a mabuɗi ɗaya ba sai da concat ba. Amma xsltproc, ɗaya daga cikin injunan da ke sarrafa XSLT, har yanzu 1.0 yake fahimta, saboda haka a tabbatar da injin da zai sarrafa fayil ɗin kafin a zaɓi hanya.