Asabar a Jamestown

Kawu ya iso Accra daga Kumasi, ya ce ko ba a kai shi ko'ina ba, a kai shi bakin teku. Bayan azahar muka hau trotro, wato bas ɗin haya, daga unguwar Nima zuwa Jamestown, cunkoso kuwa ba a magana.

Tun daga nesa ya hango hasumiyar nan mai ja da fari ta kusa da tsohuwar ganuwar Turawa, James Fort. "Wannan masallacin fa?" in ji shi. Na ce, "A'a Kawu, fitilar jiragen ruwa ce." Turawan Ingila ne suka fara gina ta a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuwa ta shekarun 1930 ce, tsawonta mita 28. Matakalarta murɗaɗɗiya ce, Kawu ya leƙa sau ɗaya ya ce gwiwarsa ba ta yarda ba. Ni na hau. Daga sama sai kwale-kwalen masuntan ƙabilar Ga jere a kan yashi, ga hayaƙin masu bandar kifi yana shiga ido.

Shi Kawu ya ɗauka aikinta haska teku ne. Ina! Kowace hasumiya da irin ƙiftawarta, matuƙi ya ƙirga walƙiyar, ya duba taswira, ya san gaɓar da yake da inda duwatsu suke. Dabarar tsohuwa ce: ta Iskandariyya a Masar an gina ta ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da wuta ake haska ta, girgizar ƙasa ce ta rushe ta. Gilashin da ke tattara haske ya cilla shi nesa kuwa Fresnel, Bafaranshe, ya ƙirƙiro a shekarun 1820.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai goro ne. A da Accra ba ta da tashar jiragen ruwa mai zurfi, sai da aka buɗe ta Tema a 1962. Jirgi kan tsaya can nesa, kwale-kwale su yi ta kokawa da igiyar ruwa suna kai masa kaya. A cikin kayan har da huhunan goron fataken Hausawa masu zuwa Legas, irin su Alhassan Ɗantata. Ana tarihin fatauci, jaki kawai ake tunawa, alhali wannan fitila ma ta yi wa kakanninmu aiki.

Kawu ya ce tunda yanzu akwai GPS, fitilar asarar lantarki ce. Na ce na'ura tana iya mutuwa tsakiyar dare. Ba mu daidaita ba har muka sayi kenke da soyayyen kifi, shi ya biya.